Ranar da Ƙanƙara ta Zuba a Dingaya

Damina ta fara tattara kayanta, Ummussalma kuwa addu'arta ɗaya ce safe da yamma: kada Allah Ya sa a yi ƙanƙara bana.

Ba don gona take wannan roƙo ba, ko da yake riɗin mijinta Balarabe ya nuna, ganyensa ya koma rawaya, lauje kawai yake jira. Don 'yarta Nasiha take yi. Yarinyar ta shiga shekara ta biyar ba ta magana. Da can ta fara gwaranci kamar kowane yaro, har akuyar gidan tana kira. Sai aka yaye ta, aka miƙa ta ɗakin kakarta Dada, mahaifiyar Balarabe, kamar yadda aka saba. A can zazzaɓin nan mai sanƙarar da wuya ya kama ta. Dada ta yi jiƙo, ta yi turare, ta karɓo rubutu. Sai da wuyan ya ƙi lanƙwasuwa sam, sannan aka ɗora yarinyar a babur zuwa Gwaram, daga can mota ta kai su asibiti a Birnin Kudu. Ta rayu. Bakin ne bai biyo ta gida ba.

Ranar da aka sallame su, wata ma'aikaciyar jinya ta ja Ummussalma gefe ta ce mata irin wannan ciwo yakan taɓa kunne. In sun ga ba daidai ba, su dawo da ita a auna jinta, kuma kada su bari sai ta girma, don taimakon da ake iya yi wa ƙaramin yaro raguwa yake kullum.

Da maganar ta iso kunnen Dada, sai ta yi tsaki.

"Kunne kuma? Yarinyar da in na buɗe tukunyar wake tana bayan rumbu sai ka gan ta a gabana? Nauyin baki ne, kuma gadon gidan nan ne. Baffansu Dabo sai da ya fara kiwo kafin ya ce uffan. Yau wa ke iya rufe masa baki a kasuwar Basirka?"

Maganin nauyin baki kuwa Dada ta san shi. Ƙanƙarar sama ake tara a sabuwar ƙwarya kafin ta taɓa ƙasa, a sa wa yaro a baki, harshe ya saki. A wurin kakarta ta ji, ita ma kakar a wurin tata. Ba a taɓa samun wanda ya tambayi sunan yaron da ya warke ta haka ba, balle a je a gaishe shi.

Matar da za ta tsaya gaban surukarta tana jayayya a kan abin da ta haifa, kafin la'asar duk unguwa ta san ba ta da kunya. Saboda haka Ummussalma ta bi ta wajen mijin, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya je ya durƙusa gaban tsohuwa ya samo alkawari: in damina ta wuce ba a yi ƙanƙara ba, da an kaɗe riɗi an kai kasuwa, zai ɗauki uwa da 'ya zuwa Birnin Kudu. Yayar Ummussalma, Ruƙayya, a can take aure, har ta share musu ɗaki, ta ce ko Kano aka tura su ita za ta raka su. Dada ta amince, don ta tabbata Allah ba zai ba ta kunya ba. Ta sayi ƙwarya sabuwa fil ta rataye bakin ƙofarta. Rabon garinsu Dingaya da ƙanƙara tun shekarar da aka kawo Ummussalma amarya, ga shi ɗanta na fari, Hafiz, har ya shiga aji biyu.

Akwai abin da Ummussalma ba ta gaya wa kowa ba. Ita ma so take maganar Dada ta zama gaskiya. Sau da yawa takan lallaɓa bayan Nasiha ta buɗe hannuwa za ta tafa, sai ta fasa, ta gyara wa yarinyar ɗankwali ta wuce. Muddin ba ta tafa ba, nauyin baki ne.

Ran nan tun hantsi garin ya ɗauki wani zafi mai nauyi, kaji suka kwanta suna haki. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, gefensa kamar an shafa masa kore. Iskar da ta zo gabansa sanyi gare ta, irin wanda ba na damina ba. Ummussalma ta kwashe shanya, ta kora yaran biyu cikin ɗakinta mai rufin kwano. Balarabe yana zaure yana wasa lauje.

Da farko ruwa ne kamar kowane ruwa. Can sai wani abu ya bugi rufin, ƙwas!

"Wallahi ba ni ba ne!" in ji Hafiz, wanda ya sha duka a kan jifa.

Kafin ya rufe baki wani ya sake sauka, sannan goma, sannan sama ta juye gaba ɗaya. Kai ka ce motar tsakuwa ce ake zazzagewa a kan ɗakin. Hafiz ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya cusa kai cikin cinyar uwarsa yana ihu. Ita kanta salati take, ba ta jin abin da ke fita daga bakinta. Ta juya za ta jawo Nasiha.

Nasiha tana zaune a tabarma, ta ba ƙofa baya, tana jera murafen kwalba ɗaya bayan ɗaya. Ja a nan, kore a can. Ɗaya ya gangara, ta miƙa hannu ta dawo da shi wurinsa. Ko ƙyaftawar ido ba ta canja ba. Rufi yana neman faɗowa a kanta, ita kuwa tana neman inda jan murfi zai zauna.

Ummussalma ta tsaya da hannu a miƙe. Tafin da ta yi ta gudu, yau sama ta yi mata shi, da ƙarfin da babu mahaluƙin da zai iya.

Sai da yarinyar ta jingina da ƙarfen gado, wanda ke manne da bango, sannan ta ɗago. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen, ta ji yana rawa, ta dubi uwarta da murmushin mai tsintuwa.

Ta ƙofa Ummussalma ta hango Dada a tsakar gida, ba kallabi, ta ɗaga ƙwarya sama da hannu biyu, ƙanƙara na dukanta a ka da kafaɗu, bakinta na kabbara. Balarabe ya fito a guje da faranti ya kare mata kai, yana jan ta tana ture shi. Ba ta koma ɗaki ba sai da ƙwaryar ta kusa rabi.

Yadda abin ya zo haka ya ɗauke, lokaci guda. Shirun da ya biyo baya har kunne yake yi wa ciwo.

Suka fito. Tsakar gidan da suka sani babu shi. Fari fat, daga bakin zaure har gindin rumbu, wani hayaƙi-hayaƙi na tashi a kansa. Ganyen darbejiya ya zube kamar an yi masa aski. Ƙanƙarar wata kamar wake, wata kamar goro, wata ta kai ƙwan zabo. Hafiz ya taka ya yi tsalle baya.

"Baba, tana cizo!"

"Malam," in ji Ummussalma a hankali, "gona fa."

Balarabe ya dubi gabas, inda gonar take. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Abin da ya same ta ya riga ya same ta. Ba inda za ta je. Bari yaran nan su gani tukuna, ba kullum ba ne."

Ya sunkuya ya cika hannu, ya kama wuyan rigar Hafiz ya zura masa a baya. Yaron ya ƙwala ƙara ya hau rawar da ba a taɓa gani ba. Balarabe, mutumin da ko dariya sai ya duba wa ke kusa, shi ne yau yake zagaye turmi a guje, ɗansa na bin sa da jifa. Ya zame ya faɗi zaune daɓas. Nasiha ta ga ubanta a ƙasa, ta saki dariyar nan tata mai fita ta maƙoshi, wadda ba ta san ƙarfinta ba. Ta ɗebi ƙanƙara ta zuba masa a ka. Ya yi kamar ya suma. Ta ƙara masa.

"Baba, mu yi mutum!" in ji Hafiz. "Irin na wayar malaminmu. A ƙasar Turawa in dusar ƙanƙara ta zuba, yara sai su gina mutum da ita, har da hula."

"To su ai gari gare su, mu tsaki aka aiko mana," in ji Balarabe. Amma ya durƙusa suka fara tarawa. Ƙanƙarar ta ƙi haɗuwa, da an dunƙula sai ta watse. Balarabe ya ce gini ba ya tsayawa ba ƙasa, aka kwaɓo taɓo aka cuɗa. Mutumin ya fito gajere mai tumbi, fari da ja kamar mai kyasbi. Hafiz ya sa masa idanu na gawayi. Nasiha ta lura da abin da ake yi, ta ruga madafa ta dawo da kuɓewa guda ta soka masa a tsakiyar fuska, ba wanda ya gaya mata. Balarabe ya cire hularsa ya kafa masa.

Dada ta leƙo, goshinta ya kumbura inda ƙanƙara ta same ta.

"La'ilaha! Gunki kuke gina min a gida?"

"Sabon angonki ne, Dada," in ji Hafiz. "Tunda kin ce ni ba na ba ki kuɗin cefane."

"Ja can, ɗan nema! Ko ba komai shi yana da hula. Kai me kake da shi ban da ƙaton ciki?"

Wani dunƙule ya sauka a kafaɗar Ummussalma. Ta juya ta ga mijinta yana kallon sama kamar ba shi ba. A gaban uwarsa! Ba ta san lokacin da ta rama ba, ta same shi a kunne. Yara suka goyi bayanta, suka tasa shi gaba har zaure yana neman afuwa. Ta yi dariya har cikinta ya ƙulle, hannuwanta sun yi ja, ba ta jin yatsunta. Na ɗan wannan lokaci ta manta da murafen kwalba.

Matan maƙwabta suka fara shigowa da kofuna, kowace na son a sam mata ta cikin ƙwarya, wata don ƙuna, wata don ciwon ido. Dada ta ce kowa ya dakata, mai abu ba ta sha ba tukuna.

Aka kifa turmi aka zaunar da Nasiha. Dada ta yi bisimilla, ta zaɓo ƙwaya mai kyau ta sa mata a baki. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta tauna ƙurus-ƙurus, ta haɗiye. Kowa ya zuba wa leɓɓanta ido. Ita kuma ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙa hannu a ƙara mata.

"Alhamdu lillahi," in ji Dada. "Na farko ya shiga lafiya."

Balarabe ya ɗago. "Na farko, Dada?"

"Sau uku ake yi mana. Zubowa uku, ba ta rana ɗaya ba."

"Ai ba ki taɓa faɗa ba."

"Wa ya tambaye ni? Kuma tunda an fara, ba a haɗa shi da na asibiti. Karya shi yake yi."

Ummussalma ta ji sanyin da ke yatsunta ya hau har ƙirji. Zubowa uku. Ta dubi Hafiz, wanda duk tsawon rayuwarsa yau ya fara ganin ƙanƙara. Kafin ta uku ta zo, sa'o'in Nasiha suna goye da 'ya'ya.

"Dada," ta ce. Muryar ta fito da ƙarfin da ba ta nufa ba. "Ba ta ji."

Wata maƙwabciya ta saukar da kofinta.

"Ɗazu da ake zubowa, ni da yaron nan kamar kunnuwanmu za su fashe. Ita ko ɗagowa ba ta yi ba. Ba baki ba ne, Dada. Ko ta shanye ƙanƙarar duniya, abin da ba ta ji ba ba za ta faɗa ba. Ki yi min rai a kai ta."

Dada ta ajiye ƙwaryar. Ta zagaya bayan turmin da yarinyar ke zaune, ta ja da baya, ta tsaya.

"Nasiha!"

Duk wanda ke gaban yarinyar ya ɗaga ido ya dubi Dada. Nasiha, wadda idon mutane shi ne littafinta tun da ciwo ya sake ta, ta ga duk idanun sun tsallake kanta. Sai ta waiwaya ta ga abin da suke kallo.

Wata ta rangaɗa guɗa. "Ga shi nan! Ji kamar zomo!"

"Idanunku ta bi," in ji Ummussalma. "A sake. Kowa ya sunkuyar da kai, a sake kira."

"Ke, Ummu," in ji wata dattijuwa cikin matan, "yau kuma ina kika ajiye kunyarki?"

"Ita za ki gwada ko ni?" in ji Dada. "Faɗi abin da ke ranki mana. A ɗakina ta kwanta. Ni na riƙe ta ina jiƙe-jiƙe. So kike a je Birnin Kudu likita ya rubuta a takarda cewa ni na kurmantar da jikata, ki kawo min in rataye." Ta jawo yarinyar ta manna ta a jikinta, ta rufe mata kai da gefen zane. "Bakinta ne. Bakinta ne kawai, kuma zai buɗe."

A nan Ummussalma ta gane ba da ƙwarya take faɗa ba. Ta juya wajen mijinta. Shi kaɗai ya rage.

Balarabe ya dubi uwarsa, mai kumburarren goshi da jiƙaƙƙen zane. Ya dubi ƙasa.

"Bari in je in duba gona," ya ce.

Matan suka karɓi rabonsu suka watse, kowace da labarin da za ta kai gida. Dada ta ja Nasiha suka shige ɗaki. Ummussalma ta hura wuta, ta zaunar da Hafiz kusa da murhu, don haƙoransa sun fara haɗuwa. Fari ya fara janyewa daga tsakar gida, taɓo na fitowa.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin Balarabe ya dawo. Karan riɗi guda ne a hannunsa, a karye, ba ganye, kwansonsa duk a farfashe. Ya ajiye shi a gabanta kamar an aiko shi da shi.

"Duka?" ta ce.

"Duka. Yana cikin laka. Sai dai tsuntsaye su yi kaka."

Ta juya karan a hannunta. "Malam, kai ma ka ga abin da na gani. Idon mutane ta bi."

"Na gani."

"To?"

"To me, Ummu? Da wane riɗin zan kai ku? Ko da akwai, ki gaya min kalmar da zan shiga ɗakin can in faɗa wa tsohuwar nan." Ya shafa kansa, ya tuna ba hula. "A bari sai baɗi. In Allah Ya kai mu, wataƙila ta huce."

"Baɗi ta shiga shida."

"Na san shekarunta."

Ya tashi ya ɗauki buta. A hanyarsa ya tsaya gaban mutumin da suka gina. Tumbin ya zube, kuɓewar ta faɗi, hular tana kwance cikin taɓo. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya ga ba ta kakkaɓuwa, ya tafi da ita a hannu.

Wayar Ummussalma ta yi ƙara a ɗaki. Ta san Ruƙayya ce, ta ji labarin ƙanƙara, za ta tambayi ranar zuwansu. Ta bar ta tana ƙara har ta gaji.

Nasiha ta sulalo daga ɗakin Dada. Ta zagaya tsakar gida tana dube-dube, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin rumbu, inda rana ba ta kai. Ta fito da gudu, hannu a dunƙule, ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsunta. Ta zo gaban uwarta ta buɗe. Ƙwaya ɗaya ce, ta narke saura kamar ƙwayar masara.

Ta kai ta bakin uwar, yadda aka yi mata ɗazu. Ummussalma ta buɗe baki ta karɓa. Yarinyar ta ja da baya kaɗan, ta kafa wa leɓɓanta ido tana jira, don ta lura haka wasan yake: in an sa wa mutum, sai a tsaya a kalli bakinsa.

"Nasiha," in ji uwar.

Yarinyar ta ga leɓɓan sun motsa. Ta yi tsalle ta tafa, wasa ya yi kyau. Ta koma da gudu gindin rumbu neman wata, ta yi ta laluben laka da hannu biyu.